ƘYALƘYAL BANZA A JIKIN KYANWA

Duk ƙarshen shekara, da zarar bukukuwan Kirsimeti da na sabuwar shekara sun kankama a Ingila da Amurka, akwai wani irin hoto da ba ya yankewa a intanet. Za ka ga kare ko kyanwa sun fito daga bayan kujera, jikinsu fal da garin ƙyalƙyali tun daga gashin baki har wutsiya, watau wannan ɓurɓushi mai walƙiya da a ke barbaɗa wa katin gaisuwa da takardar naɗe kyauta da itacen ado. Ko dai wani yaro ya bar kwalbar a buɗe, ko kuwa dabbar ta yi birgima a cikin kayan ado da aka ajiye a ƙasa. Mai gida ya ɗauki hoto, duniya ta yi dariya, sa'an nan a shiga kukan shara: an share, an goge, an wanke, amma bayan wata uku ga shi nan yana walƙiya a kan darduma, da gado, da kwanon abinci. Da ya ke a Ingila kaɗai akwai karnuka wajen miliyan 10 da kyanwoyi kamar haka a cikin gidaje, ba ƙaramin taro ba ne ke yin wannan kuka ko wace shekara.

A ganina dariyar ta yi yawa, kukan kuma ya tsaya a inda bai kamata ba. Ana kukan darduma, an manta da dabbar, an kuma manta da inda ruwan wankin ya nufa. Wahalar fitar da garin nan daga gashin kyanwa ita ce shaida mafi sauƙin gani cewa abu ne da idan ya fita daga kwalba ba mai iya tattara shi kuma, don haka maganinsa yana ga hana shi fita tun farko. Tun da kuwa kayan ya riga ya cika kasuwanninmu, zancen ya shafe mu kamar yadda ya shafi Turawa.

Bari mu fara da sanin ko mene ne shi. Mutane da yawa suna ɗauka garin ƙarfe ne ko na gilashi. A da can akwai na gilashi, wanda Jamusawa suka shahara da yi, amma wanda ke hannun jama'a yanzu roba ne. Ana samun fallen roba siriri, irin robar da a ke yin gorar ruwan sha da ita, a shafe shi da alminiyom wanda bai kai kaurin hayaƙin fitila a jikin gilashi ba, a sa masa launi, sa'an nan inji ya yayyanka shi ƙanana, yawanci masu kusurwa shida, da yawansu ba su kai milimita guda ba. Galibi ana danganta ƙirƙiro wannan sana'a ga wani maƙerin inji, Henry Ruschmann, a jihar New Jersey ta Amurka a cikin shekarar 1934, kuma kasuwarsa ta buɗe sosai a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sa'ad da na gilashin Jamus ya yanke. Watau dai abin bai cika shekara 100 ba a duniya. Kakanninmu sun yi aure, sun yi suna, sun yi hawan Salla, duk babu shi.

Me ya sa ya ke da naci haka? Ɗalibanmu na kimiyya sun san wasan nan na goga biro a gashin kai a ɗauki guntayen takarda da shi. Wannan shi ne lantarkin gogayya, kuma tun da daɗewa gashin kyanwa yana cikin abubuwan da malamai ke amfani da su a ɗakin gwaji don nuna shi, saboda yana saurin sakin nasa caji idan an goga shi da roba. Gashin sai ya ɗauki caji iri guda, robar ta ɗauki kishiyarsa, su manne da juna. To, ka duba: ga dabba mai lulluɓe da gashi, ga ɓurɓushin roba marar nauyi, ai an haɗa zuma da yatsa. Abin ya fi tsanani idan iska ta bushe, shi ya sa ya ke ta'azzara a gidajen Turai da a ke ɗumamawa a lokacin sanyi, mu kuma a nan sai a ce cikin hunturu, lokacin da mayafi ke tartsatsi idan an cire shi cikin duhu.

Ba lantarki kaɗai ba. Ko wace ƙwaya shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, saboda haka tana kwantawa ɗaf a kan fata ko siminti, tsintsiya ta wuce ta samanta ba ta taɓa ta ba. Idan kuma ta sami ɗan danshi ko maiƙon jiki, sai ta liƙe kamar yadda gilashi biyu masu jiƙe ke liƙewa. Dalili ke nan da ya sa wanda ya yi gaggawar watsa wa kare ruwa ya kan ƙara wa kansa aiki, domin ruwan tura garin ya ke yi zuwa gindin gashi. Nacin nan ya kai har masu binciken laifuffuka a Amurka suna amfani da shi a matsayin shaida a kotu, domin wanda ya taɓa mai sanye da shi da wuya ya rabu da shi duka, kome wankan da ya yi. Abin da mai laifi ya kasa kawarwa alhali ransa yana kan siraɗi, yaya uwar gida za ta kawar da shi da tsintsiya?

Duk da haka, idan ɓarna ta riga ta auku, akwai hanyar da ta fi wata. A fitar da dabbar wuri guda mai santsi, a shimfiɗa tsohuwar jarida, a taje gashin da mataji ko buroshi tun yana bushe, a naɗe jaridar a ɗaure. Bayan haka a bi da tsumma mai ɗan danshi, ana shafawa yadda gashi ya kwanta, ana kaffa-kaffa da ido da kunne. Na ƙasa da na kujera kuwa salatif ya fi tsintsiya kama shi, haka ma injin zuƙe ƙura ga mai shi. Wanka shi ne na ƙarshe, kuma ga kare ya fi sauƙi. Wanda ya taɓa gwada yi wa kyanwa wanka ya san ba a fita lafiya lau. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a shafa wa dabba kananzir ko fetur don a narkar da gam, ko a wanke kyanwa da ruwan Dettol ko Izal. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa sinadarin da ke cikin irin waɗannan magunguna yadda ta mutum ke yi, kuma duk abin da ya taɓa gashinta, to, ya shiga bakinta.

A nan ne zancen ya daina zama abin dariya. Kyanwa ba ta jiran kowa ya yi mata wanka. Masu bincike a wata jami'ar fasaha da ke jihar Jojiya ta Amurka sun nuna a 2018 cewa ƙaiƙayin nan da a ke ji a harshenta ɗaruruwan ƙananan ƙayoyi ne masu kama da farce, masu lanƙwasa zuwa baya, ko wane da ɗan rami da ke ɗauke da yawu zuwa gindin gashi. Takan kashe har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da ta ke farke tana lasar jikinta. Da ya ke ƙayoyin maƙogwaro su ke fuskanta, abin da harshe ya kwaso ba ta iya tofar da shi sai haɗiya. Ashe ke nan sa'ad da mai gida ke neman kusurwa mai kyau ta ɗaukar hoto, ita tuni ta fara sharar da cikinta.

Gaskiya ce, kuma ya kamata a faɗa don kada a ce mun zuzuta, garin ƙyalƙyali na roba ba guba ba ne, kuma likitocin dabbobi sun ce ɗan kaɗan ya kan fita tare da kashi ba da wata illa ba. Haɗarin yana ga ido, inda ƙwaya guda mai kaifin baki ke iya karce fatar ƙwayar ido idan dabbar ta sosa. Yana ga gam ɗin da aka kwaɓa shi da shi. Yana ga na gilashi da har yanzu a ke sayarwa don ado. Ya kuma fi tsanani ga ɗan'uwansa, watau zaren ƙyalli da a ke ratayawa a itacen Kirsimeti. Idan kyanwa ta haɗiye shi, bakinsa guda kan maƙale a ƙarƙashin harshe ko a ciki, hanji ya yi ta ƙoƙarin jan sauran har ya tattare kamar bakin wando a jikin mazagi, wani lokaci zaren ya yanka hanjin. Wannan sai tiyata. Ko ma babu ɗaya daga cikin waɗannan, dabbar da aka kama, aka danne, aka taje, aka jiƙa na tsawon sa'a guda ta sha azabar da ba ta san dalilinta ba, a kan adon da ba ta nema ba. Balle kuma waɗansu masu shagon gyaran karnuka a Amurka da ke barbaɗa musu shi da gangan, a karɓi kuɗi.

To, a ce an yi nasara, kare ya fito fes. Ina garin ya tafi? Ya bi ruwan wanka. Masana suna kiran duk guntun roba da bai kai milimita 5 ba da sunan ɓurɓushin roba, kalmar da Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth ya yayata a 2004. Galibin irin wannan ɓurɓushi sai leda ko gora ta yi shekaru tana ruɓewa a rana kafin ta zama shi, amma garin ƙyalƙyali da shirinsa ya ke fitowa daga masana'anta. A wani bincike da Thompson da abokan aikinsa suka buga a 2013, sun fede kifi 504 da aka kama a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, suka iske roba a cikin fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ba a ce ƙyalƙyali ne duka ba, galibi zaren tufafi ne, amma hanya ɗaya su ke bi: daga baho zuwa magudana, daga magudana zuwa kogi.

Turawa sun fara ɗaukar mataki daga ƙasa kafin hukuma ta motsa. A cikin Nuwamba 2017 wani rukunin makarantun renon yara guda 19 a kudancin Ingila, Tops Day Nurseries, ya hana amfani da shi a azuzuwansa ana gab da Kirsimeti, aka yi ta yi musu ba'a cewa sun hana yara farin ciki. A 2020 manyan kantuna uku, Morrisons da Waitrose da John Lewis, suka cire shi daga kayan Kirsimeti da su ke yi da sunansu. Daga bisani Tarayyar Turai mai ƙasashe 27 ta kafa doka, wadda ta fara aiki ran 17 ga Oktoba 2023, ta hana shigar da sabon garin ƙyalƙyali na roba a kasuwa in dai sako-sako ne a kwalba. Abin mamaki, da labari ya bazu a Jamus sai jama'a suka ruga kantuna suna saye suna ɓoyewa, kamar an ce za a yi fari.

Ba na cewa dokar ta gama magana. Hukumar kula da sinadarai ta Turai ta ƙiyasta cewa ɓurɓushin robar da a ke sa wa kaya da gangan yana zuba cikin muhalli har wajen tan 42,000 a shekara, kuma kaso mafi girma daga garin robar da a ke zubawa a filayen ƙwallo na ciyawar roba ya ke fitowa, ƙyalƙyali ɗan kaɗan ne a ciki. Har wa yau an ba masu yin jan baki da jan farce da kayan kwalliyar fuska wa'adi har zuwa 2035, kuma wanda ke manne a jikin tufafi da takalma dokar ba ta taɓa shi ba, alhali kuwa shi ne ke kakkaɓewa a kujera kyanwa ta kwanta a kai. Wanda a ke talla da sunan mai ruɓewa ma sai a yi hattara. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Anglia Ruskin a 2020 ya nuna cewa shi da na roba duka sun rage tsawon saiwar wani ƙaramin tsiro mai yawo bisa ruwa, dangin kainuwa. Na dutse mai sheƙi kuma, wanda a ke haƙowa a jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya da kuma Madagaska, an daɗe ana kuka da yadda a ke sa ƙananan yara aikin haƙarsa. Ko ta ina ka juya, walƙiyar nan akwai mai biyan kuɗinta wanda ba shi ya saya ba.

Wani zai ce, to, mu ina ruwanmu? Mu da ba mu kwana da kare a gado, ba mu kuma kafa itacen ado a falo sai 'yan'uwanmu Kirista? Sai in ce ya shiga Kantin Kwari ya duba leshi da mayafai da yadudduka, ya ga nawa ne ke barin walƙiya a tafin hannu idan an shafa. Ya duba katin gayyatar ɗaurin aure, da kwalliyar amarya da ƙawayenta, da adon zauren biki, da aikin hannu da yara ke dawowa da shi daga makarantun naziri masu zaman kansu. Ko wane ma'aikaci da ya taɓa rage wa 'yan biki hanya a motarsa ya san mako nawa kujerun ke yi suna walƙiya. Kyanwa kuwa tana nan a gidajenmu birni da ƙauye, tana gadin rumbu da ɗakin ajiya, kuma babu inda ta fi son kwanciya kamar kan tufafin da aka tuɓe aka ajiye.

Bambancinmu da Ingila shi ne namu ya fi muni. A can ruwan wanki yana bi ta matatar ruwan ƙazanta, wadda ke tare kaso mai yawa na ɓurɓushin ko da ba duka ba. A nan kuwa a tsakar gida a ke wanke mayafin, a kwarara ruwan a ƙasa ko a kwata. Kaji, waɗanda ba sa ganin abu mai sheƙi su ƙyale, su bi suna tsattsaga. Awaki su sha daga kwatamin. Sauran ya gangara, a Kano misali, zuwa rafin Jakara wanda masu lambu ke ban ruwa da shi. Mahautanmu sun daɗe suna ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da tumaki, wannan kowa ya sani domin ana ganinsa da ido. Wanda ya shige cikin ƙundun kaza ba mai lura da shi, kuma mu ne masu cin kazar.

Na san akwai masu cewa ƙasar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ba ta da lokacin kyanwa. Hujja ce mai nauyi, amma ba ta kai ba. Da fari dai babu wanda ya ce a ware kasafi. Abin da a ke nema shi ne a daina sayen wani abu, kuma daina saye ba ya cin ko kwabo. Na biyu, ba Turawa suka koya mana haƙƙin dabba ba. Ko wane ɗalibin islamiyya ya san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ya kuma san cewa sahabi Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne daga 'yar kyanwa. Ingila sai a 2006 ta kafa dokar da ta ɗora wa mai dabba nauyin biya mata bukatunta, ban da hana zaluntarta da aka daɗe da yi. Mu an ɗora mana wannan nauyi tun ƙarni 14 da suka wuce. Na uku kuma, wanda ya fi damuna, shi ne halin kasuwa da muka sani: idan wata ƙofa ta rufe wa kaya a Turai, masana'anta ba ta kashe inji, neman wata ƙofa ta ke yi. Mun gani a tsofaffin motoci, mun gani a tarkacen kwamfuta. Babu dalilin da zai sa mu zaci garin ƙyalƙyali zai bambanta.

Afirka ba baƙuwa ba ce wajen irin wannan hukunci. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas kuma ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024. Hukumomin da za su duba wannan ma muna da su: NAFDAC ce ke rajistar kayan kwalliya, SON ke tsara ingancin kayan da a ke shigowa da su, NESREA kuma tun 2007 aka ɗora mata tsaron muhalli. Abu mafi sauƙi da za su fara da shi shi ne tilasta wa masu shigo da kaya su rubuta a jikin kwalba ko roba ce a ciki, domin a yanzu mai saye ba ya ma sanin abin da ya saya. Daga nan sai a sa wa'adin hana na sako-sako, kamar yadda Turai ta yi, tun bai zama sana'ar dubban mutane da za a ji tausayin rusawa ba.

Amma inda na fi sa rai shi ne Ma'aikatun Ilmi na jihohi, domin su ba sa bukatar jiran majalisa. Takardar umurni guda daga Babban Sakatare zuwa ga shugabannin makarantun naziri da firamare ta isa ta fitar da kwalbar nan daga aji. Yaro ɗan shekara huɗu da aka ba gam da garin ƙyalƙyali zai kai shi ido, ya kai baki, ya kai gida a jikin riga, ya rungumi kyanwar gidansu. Malaman zane ba su rasa abin maye gurbinsa ba: ga yashi mai launi, ga ɓawon ƙwai, ga ƙaiƙayi da karan dawa da irin kabewa, ga jar ƙasa da shuni da lalle, duk abubuwan da idan sun zube a tsakar gida akuya ta lashe babu abin da zai same ta. Ɗaliban kwalejojin horon malamai da ke shirin fita koyarwa ta gwaji a zango mai zuwa suna iya farawa daga azuzuwan da za a ba su.